Lemun Tsamin da Sista Narelle ta Dasa

Wai Sista Narelle ba za ta tafi ba. A kanti na fara jin haka ina zaɓen albasa, kafin in kai gida na sake ji a gidan mai, na kuma ji a ƙofar coci. A Kooltana magana ba ta buƙatar ƙafa. Ba mu da yawa, kuma rabinmu ba su da sana'ar da ta wuce leƙen taga.

Asibitinmu sha-ka-tafi ne, ɗaki biyu da baranda, nas ɗaya. Tun da tsohuwar nas ɗinmu ta yi ritaya gurbinta yake a buɗe, babu mai so, sai dai na aro. Wani kamfani a birnin Adelaide ya turo mana wata ta yi wata uku, ta naɗe kayanta, ya turo wata. Kwamitin gari ke da alhakin gaya wa kamfanin, tun da sauran lokaci, ko a ƙara wa wadda ke nan wa'adi ko a nemo madadinta. Aikin kwamitin ke nan kaf, in ka cire shan shayi.

Da ba don Yaya Coral ba, da ban kula ba. Yayata ce, ta haura tamanin, gida ɗaya muke, gidan da aka haife mu. Ciwon suga ya bar mata gyambo a ƙwauri, sai an wanke an naɗe yau, a tsallake gobe, a sake jibi. Likitan da ke zuwa mana a jirgin sama sau ɗaya a wata ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba: ranar da garin nan ya wayi gari babu nas, ranar za a kai Coral gidan kula da tsofaffi a Port Augusta. Ni kuwa yatsuna sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, ko maɓallin riga sai na yi da gaske. Wa'adin Narelle, ta aron da ke nan yanzu, ƙarshen Nuwamba zai cika.

Yaya da ta ji labarin, sai ta aika aka kawo mata 'yan tsaki.

"Yaya, 'yan tsaki kuma? Wa zai kula da su?"

"Ni mana. Ai kin ji yarinyar za ta zauna."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani, Glenys."

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina shugabar makarantar garin nan, kuma babu amsar da na fi saka wa jan biro kamar "kowa ya sani". Na ɗauki hulata na nufi gidan Beryl Hocking, shugabar kwamiti.

Beryl a ƙarƙashina ta fara koyarwa. Ta zo daga birni da takalmi mai tsini, ta yi shekara guda tana kuka a bayan aji, sai wani mai tumaki ya aure ta. Tun daga ranar ta ɗauka duk macen da ta sauka a garin nan ita ce aka sake haifowa. Ita ta fi kowa riƙo da karatun nan na mutanenmu, wai nas da malamar makaranta, in kana so su zauna, nemo musu mai tumaki. Na ga malamai sun fi ashirin sun zo sun wuce, biyu kacal aure ya tsayar, ɗayar ma daga baya ta gudu da direban babbar mota. Amma Beryl ba ta ƙidaya waɗanda suka tafi. Kanta kawai take ƙidayawa.

Na same ta tana kaɗa ƙwai.

"Malama! Shigo, shigo. Yau da ɗan zafi, ko?"

"Da zafi. Beryl, mene ne hujjarku?"

"Hujjar me?"

"Cewa Narelle za ta zauna."

Ta ajiye cokali ta yi murmushin nan da na tsana tun tana 'yar ashirin da biyu. "Haba Malama, ke dai ba kya yarda da komai sai an rubuta a allo. Motarta kullum tana kan hanyar gidan su Lachlan Petherick. Sati da sati, tun watan da ta zo. Me nas za ta je yi can? Lachlan ƙato ne, ko mura ba ya yi. Kuma a ambaci sunanta a gabansa ki ga kunnuwansa."

"Shi ke nan?"

"Ta dasa lemun tsami a bayan gidan nas. Wa ya taɓa dasa itace a inda zai bari?"

"Kun tambaye ta?"

Kamar na zage ta. "Tambaya! Wa ke tambayar budurwa irin wannan? Ai sai kunya ta kama ta, ta fasa."

Budurwar nan da ake tattalin kunyarta ta ba arba'in baya, da furfurarta, ta taɓa karɓar haihuwa a bayan a-kori-kura. Amma haka muke. Mutumin Kooltana zai ga rufin gidanka na cin wuta, ya jingina da shinge ya ce, "Yau da ɗan zafi, ko?" Tambayar mutum kai-tsaye rashin tarbiyya ce a wurinmu. Ka bi sawun tayarsa, ka ƙirga kayan da ya shanya, wannan ba laifi. Ka buɗe baki ka ce "Za ka tafi ne?", to ba a haife ka da kyau ba.

"To kamfanin fa? Kun ce a ƙara mata wa'adi?"

"Sun kira ni da kansu," in ji Beryl, tana ɗaga haɓa. "Na ce musu Kooltana ta gama da nas ta aro, mun samu ta dindindin. Me za a yi da wa'adin wata uku, mace za ta shiga gurbin har abada? In kuma na ce a turo wata, ai kora da hali ke nan."

Na dube ta. Na tuna ranar da ta koya wa 'yan aji huɗu cewa jemage tsuntsu ne, saboda kowa ya ga yana tashi.

Daga nan na zagaya bayan gidan nas. Lemun yana nan, bai kai gwiwata ba. An kewaye shi da waya mai ƙarfi saboda awakin daji da kangaru. An lulluɓe gindinsa da tarkacen ulu don kada rana ta shanye laima. Sannan an jawo siririn bututu daga ƙarƙashin tankin ruwa, an huda shi, yana ɗiga a hankali. Babu bokiti a kusa, babu gwangwanin ban-ruwa. Na daɗe a tsaye. Wanda zai zauna, bokiti yake ajiyewa, ya fito da yamma ya zuba yana kallon ganye. Wannan dashe an shirya shi ne ya rayu ba tare da kowa ba.

Amma zato zunubi. Washegari da safe na tayar da tsohuwar motata na kama jar hanyar gidan su Petherick.

Na tarar da Lachlan a rumfar askin tumaki yana gyaran ƙyaure. Ɗalibina ne, ya kusa hamsin yanzu, amma da ya gan ni sai da ya cire hula.

"Malama. Yau da ɗan..."

"Na sani, da zafi. Kai Lachlan, me ke tsakaninka da Sista Narelle?"

Kunnuwan suka yi ja wur. To amma haka suke yi tun yana aji uku in an ce ya tashi ya karanta. Suna ja in mai kanti ta ba shi canji. Wannan ne abin da gari guda ya gina aure a kai.

"Ba... ba ni da izinin faɗa, Malama."

"Izinin wa?"

"Nawa!" Murya ce daga baranda. Tsohon Clarrie, ubansa, yana zaune a kujera da bargo a cinya cikin wannan zafin. "Glenys Trethowan, har yanzu kina tsoma baki a abin da ba naki ba?"

"Clarrie, har yanzu kana raye? An ce mini tun tsakiyar shekara ka daina zuwa mashaya, na ɗauka an binne ka ban ji ba."

"Sai na ga bayanki. Zo ki zauna, kin tsaya kamar sandar waya."

Na zauna. Ban yi masa zancen zafin rana ba. Na gaya masa abin da gari ke cewa, na gaya masa abin da Beryl ta faɗa wa kamfani. Sai ya fashe da dariya har ta koma tari, Lachlan ya rugo yana bubbuga masa baya.

"Wannan? Wannan zai yi aure? Ke, da ya hango ƙurar motarta sai ya tuna akwai shingen da ya karye a ƙarshen gona. Tun da take zuwa ban ji ya ce mata abin da ya wuce 'sannu' ba, shi ma ƙasa yake kallo."

"To me take zuwa yi?"

Ya yaye bargon. Jaka ce ɗaure a ƙafarsa, da siririyar roba. "Robar fitsari. Tun hunturunmu na tsakiyar shekara aka sa mini. Ita ke zuwa ta duba, ta canja in ta toshe. Na sa sun rantse, ita da wannan sakaran, don ba na so 'yan mashaya su mai da ni abin ba'a. Kin san bakinsu."

"Na sani. Ni na koyar da yawancinsu."

"Ashe ni ne angon," in ji shi, ya sake kama dariya. Sai dariyar ta tsaya. "Glenys, in ta tafi wa zai zo?"

Na miƙe zan tafi. Ya ce in faɗa wa duk wanda nake so, tunda sirrin nasa ya yi tsada.

Ranar wankin gyambon Yaya ce, don haka na dawo na tarar da motar Narelle a ƙofarmu. Tana durƙushe a gaban kujera, ƙafar Yaya a kan tawul, 'yan tsaki na ta tsiwirwiri a kwali kusa da murhu.

"Inna Coral, kin sake shiga kejin kaji babu takalmi."

"Sharri ne."

"Sharri? To wannan kashin kaza da ƙafarsa ya zo? Gyambon nan ya fara haɗa baki, kada ki ɓata mini aiki."

"Ji ta, sai ka ce ƙafarta ce."

"Tawa ce mana, sai ranar da na sallame ta."

Na bari ta gama naɗi, na raka ta mota. Can nesa da taga na ce, "Sista, ni ba 'yar kwamiti ba ce, don haka zan tambaye ki. Ƙarshen wata za ki tafi ko za ki zauna?"

Ta dube ni da mamaki. "Tafiya mana, Malama. Ai kun samu ta dindindin. Ina ma so in tambaya yaushe za ta iso, in nuna mata ƙafar Inna da idona. Ba na son a ba da irin wannan ciwo ta waya."

"Wa ya ce miki mun samu?"

"Kamfani. Na ce musu ina son ƙarin wata shida a nan, suka kira shugabar kwamitinku, ta ce an gama da na aro." Ta jefa jakarta a kujerar baya. "Gaskiya na ji ba daɗi. Har na fara tunanin in nemi gurbin ma gaba ɗaya. Shekara tara ina kwana da akwati a bakin gado, na gaji. Amma baƙo raɓa ne, ba ya roƙon a bar shi. Kuma na lura in na shiga kanti sai a yi tsit, ana ta yi mini wani irin murmushi. Na ce to, sallama ce ake yi mini cikin mutunci."

"Ba ki yi wa Beryl magana ba?"

"Na yi. Na ce mata, 'Kin san ƙarshen wata wa'adina zai cika.' Ta kashe mini ido ɗaya ta ce, 'Mun sani, 'yar nan, mun san komai.' Ta ba ni kek."

"Lemun fa?"

Ta ɗan yi dariya. "Kin gani? Al'adata ce. Duk garin da zan bari sai na dasa ɗaya, ranar da na amsa aikin gaba. Gidajen nas-nas duk iri ɗaya ne, babu ko ɗanyen ganye. Na ce ko ba komai wadda za ta zo bayan wadda za ta zo bayana ta samu abin matsawa a shayi."

Sai na gaya mata ko wace ce nas ɗin dindindin da Kooltana ta samu, da sunan mijin da za ta aura.

Ba ta yi dariya ba. Ta jingina da mota ta rufe ido. "Lachlan? Wanda ke guduwa?"

"Shi."

"Wato babu wadda ke zuwa."

"Babu. Za ki iya fasa wancan aikin da kika amsa?"

"Malama, tsibiri ne a can arewa, sai da kwalekwale ake shiga. Nas ɗinsu ta tafi haihuwa, wadda ke riƙe musu gurbin kuwa jirana kawai take yi. Akwai masu ciki a can, akwai masu irin ƙafar Inna. Na yi musu alkawari. In na fasa, su ma wani zai tsaya a bakin mota yana yi wa wata wannan tambayar." Ta buɗe ido. "Da a farkon wata wani ya ce mini 'zauna', kalma ɗaya, da ko kamfanin ban saurara ba."

Ta shiga mota, ta fito, ta sake shiga. Ta ce za ta kira duk wadda ta sani. Na ce ta kira.

Da yammar Alhamis kwamiti ke zama a zauren coci. Na shiga na tarar ana gardama a kan kek mai hawa biyu ko mai hawa uku, saboda shagalin ba-zata da za a yi wa amarya. Wata har ta fara saƙa mayafin gado.

"Malama, kin zo a daidai," in ji Beryl. "Ke da kika iya rubutu, me za a sa a jikin kek ɗin?"

"Ki sa 'Allah ya kiyaye hanya'."

Na faɗa musu a tsaye, kamar yadda nake karanta sakamakon jarrabawa. Robar Clarrie, da lemun, da tsibirin.

"Ba zai yiwu ba," in ji Beryl. "Ni da idona na ga kunnuwansa."

"Kunnuwansa ba su sa hannu a komai ba. Ga waya can, kira kamfani."

Ta kira, muna ji. Ta yi muryar birninta ta dā, wadda take ajiyewa don likita da limamin coci. Muka ji muryar tana ƙanƙancewa. Ga Kirsimeti a gaba, ga bazara, da yake a ƙasar nan tare suke zuwa, duk nas ɗin da ke son aiki an riga an raba ta tun watan jiya, sauran sun tafi ganin iyayensu. Wa zai zaɓi Kooltana a watan da kwalta ke narkewa? Suka ce sai bayan Fabrairu, shi ma in an dace.

Ta ajiye wayar. Na jira in ji me za ta ce. Na yi zaton ko sau ɗaya a rayuwarta za ta ce "na yi kuskure".

"Ai da ta faɗa," in ji Beryl.

"Ta faɗa. Kika ba ta kek."

"To mace ta yi ta zuwa gidan gwauro, ta dasa itace, me take so mutane su ɗauka?"

Mai saƙa ta ce, "Dama na aron nan ba su da amana. Yau suna nan, gobe babu su." Kawuna suka fara gyaɗawa. Ina tsaye a wurin, a gaban idona, aka haifi sabon abin da kowa ya sani. Kafin Lahadi ya kai gidan mai.

An yi shagalin duk da haka, tunda an riga an sayi ƙwai. Kek mai hawa ɗaya. Beryl ta yi jawabi a kan yadda Kooltana ke riƙe baƙo hannu bibbiyu. Lachlan bai zo ba, wai shinge ya karye.

Narelle ta kira ƙawayenta har ta gaji, ba a samu ko ɗaya ba. Ta gwada koya mini naɗin, bandeji ya faɗi daga hannuna sau uku, ta karɓa ta naɗe da kanta. Likita ya zo a jirginsa, ya duba ƙafar, ya ce ta yi kyau ƙwarai, kuma in aka bar ta sati guda babu wanki za a yanke ta. Yaya ta ce masa a yanke ɗin, ta zauna a gidanta da ƙafa ɗaya. Ya ce ba haka ake yi ba.

Ni na gaya mata. Tana zaune da kwalin 'yan tsaki a cinya, sun fara fitar da gashin fiffike.

"Na ɗan lokaci ne, Yaya. Zuwa Maris."

"Glenys, kin taɓa ganin wanda aka kai can ya dawo?"

Ba na yi mata ƙarya, don haka na mayar da idona kan 'yan tsakin.

"To ki riƙa jiƙa musu tsaki da ruwa," in ji ta. "Busasshe yana shaƙe su."

Sista Narelle ta bar Kooltana ranar Litinin ta ƙarshen Nuwamba. An rufe asibitin a ranar. Clarrie ya koma wurin 'yarsa a Adelaide. An kai Yaya Coral Port Augusta ranar Laraba, tana can har yanzu. Babu komai tsakanin Narelle da Lachlan Petherick, ba a taɓa yi ba. Ta so ta zauna, ta nemi ƙarin wa'adi, kwamitin garinmu ya ce ba a buƙata. Babu wanda ya tambaye ta.